Yaya zan gina manhajar da makaho da kurma za su iya amfani da ita su kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai haɗa manhajoji. Wata ƙungiyar adashe da ba da rance ta ba ni aikin gina mata shafin intanet da manhajar waya, kuma shugabanta ya ce a cikin mambobinsu akwai makafi da kurame da guragu. Shin sai na yi musu wata manhaja daban? Ko akwai abin da zan saya in liƙa a shafin ya gyara komai? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya sa albarka a aikin, ya kuma saka wa shugaban nan da ya tuna da mambobinsa tun ba a fara ba.

Manhaja ɗaya za ka gina, ta kowa da kowa. Kada ka ware wata don makafi, domin abin da yakan faru shi ne a ci gaba da sabunta babbar a manta da ƙaramar, kafin shekara ta zagayo ta koma ba ta yin rabin abin da 'yar'uwarta ke yi. Kuma babu abin da za ka saya ka liƙa ya gyara maka komai, zan zo kan dalilin nan gaba. Ma'aunin da nake so ka riƙe shi ne wannan: mamba makaho ya buɗe manhajar, ya shiga asusunsa, ya ji nawa ya tara, ya biya zubinsa, ya tabbatar kuɗin sun shiga, duk shi kaɗai. Idan akwai mataki ɗaya tak da sai ya kira ɗansa ko maƙwabci ya danna masa, aikin bai yi ba, ko da sauran matakan duk sun yi kyau. A manhajar kuɗi, wanda ya miƙa wayarsa ya miƙa lambar sirrinsa, ya kuma bayyana wa wani abin da ya mallaka. Ka tuna ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya dole. Duk makahon da manhajar bankinsa ba ta magana da shi, a lokacin nan ba shi da zaɓi sai ya nemi mai riƙe masa waya.

Mutanen kuma ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi yawansu. Bayan waɗannan akwai waɗanda shugaban ƙungiyar bai lissafa maka ba, don su kansu ba sa kiran kansu nakasassu: dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, zabiyar da haske ke damu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye yake aiki da hannu ɗaya, wanda kuturta ta cinye wa yatsu, tsohuwar da hannunta ke karkarwa. Duk suna zubin adashe.

Sai ka fara da fahimtar yadda makaho ke riƙe waya, don kusan duk kurakuran da na saba gani daga rashin sanin wannan suke tasowa. A wayoyin Android akwai manhajar karanta allo mai suna TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, wadda Apple ya saka tun 2009. A kwamfuta akwai JAWS, ta kuɗi ce mai tsada, akwai kuma NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. Idan aka kunna TalkBack, taɓa abu sau ɗaya ba ya buɗe shi, faɗin sunansa kawai yake yi. Mutum ya shafa yatsa zuwa dama ya ji abu na gaba, ya shafa hagu ya koma baya, in ya ji abin da yake nema ya taɓa allon sau biyu. Abin lura a nan shi ne, manhajar ba kallon allon take yi ba. Abin da ka rubuta a ƙarƙashi take karantawa. Kowane abu a shafin tana neman abu uku a kansa: sunansa, da irin abin da yake, da halin da yake ciki. Misali ta ce: "Biya zubi, maɓalli." Ko: "Tuna da ni, akwatin zaɓi, an zaɓa." In ba ka ba ta waɗannan ba, ba ta da inda za ta samo su.

Daga nan ka ga me ya sa nake matsa wa masu koyo su yi amfani da kayan asali na HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi. Maɓalli ka yi shi da button, mahaɗi da a, gurbin rubutu da input haɗe da label ɗinsa, kanun rubutu da h1 da h2 bi da bi. Matasa da yawa suna ɗaukar div, wanda akwati ne kawai marar aikin kansa, su yi masa launi da lanƙwasa har ya yi kama da maɓalli, su ɗora masa umarnin dannawa. Mai gani ba zai ga bambanci ba. Amma manhajar karanta allo ba ta san maɓalli ba ne, kuma maɓallin Tab na kwamfuta zai tsallake shi. Shi button na asali da duk waɗannan yake zuwa, ba ka ƙara komai ba. Kanun rubutu ma ba ado ba ne: makaho ba ya sauraron shafi daga sama har ƙasa, tsalle yake yi daga kai zuwa kai har ya sami sashen da yake so, kamar yadda idonka ke yi. In ka ƙara wa rubutu girma da kauri kawai ba ka mai da shi h2 ba, ka hana shi wannan tsallen. Za ka ji ana maganar ARIA, wasu alamomi da ake ƙara wa HTML don bayyana abin da ba shi da kayan asali. Suna da amfani a wurinsu, amma ƙa'idar farko da masu ita suka rubuta ita ce, in akwai kayan asali da zai yi aikin, shi za ka ɗauka. ARIA da aka saka ba daidai ba ta fi rashinta ɓarna, don ƙarya take sa manhajar ta faɗa wa mutum.

A manhajar waya, inda aka fi faɗuwa shi ne ƙananan hotunan da ake dannawa ba tare da rubutu ba: kwandon shara, gilashin bincike, layuka ukun nan na jerin zaɓi, ɗan idon da ke ɓoye kuɗin asusu. In ba su da suna, TalkBack sai ta ce "maɓalli" ta yi shiru. Ka ƙaddara allo mai irin waɗannan guda biyar, ɗayansu kuma na soke shiga adashe ne. A Android suna ake ba su da contentDescription, a iPhone da React Native da accessibilityLabel, a Flutter da Semantics. Sunan ya faɗi aikin abin: "goge wannan lamba", "nuna kuɗin asusu". Hotunan shafin intanet kuma alt ake rubuta musu, wato bayanin hoton a rubuce wanda manhajar karanta allo ke furtawa. Hoton da ke ɗauke da bayani ka faɗi bayanin a taƙaice, wanda ado ne kawai ka bar alt ɗinsa fanko don a tsallake shi. Jadawalin ribar shekara da aka zana a hoto, a rubuta alƙalumansa a ƙasa.

Fom shi ne zuciyar manhaja irin taka, don haka ka ba shi lokaci. Kowane gurbi ya kasance da sunansa a rubuce a samansa, wanda ba ya gushewa. Rubutun nan mai dishi-dishi da ake sakawa cikin gurbin ba ya maye gurbin suna, don da an fara rubutu yake ɓacewa, mai saurin mantuwa ya rasa abin da ake tambayarsa. In mutum ya yi kuskure, kada ka tsaya ga mai da gefen gurbin ja. Ka rubuta masa: "Lambar asusu goma ce, tara ka shigar." Ka kuma kai shi kan gurbin da kuskuren yake, ba tare da ka goge sauran abin da ya cika ba. Kafin kuɗi su fita, a kawo allo ɗaya mai sunan mai karɓa da adadin kuɗin, ya ji su, ya amince ko ya gyara. Bayan sun fita, saƙon "an biya" ya zama wanda manhajar karanta allo za ta furta da kanta. Ana yin haka da aria-live a shafin intanet, Android da iPhone ma suna da nasu. Saƙon da ke leƙowa na daƙiƙa biyu ya ɓace ba a furta shi ba yana sa makaho ya sake dannawa ya biya sau biyu. Ka kuma saurari yadda ake furta lambar asusu: so ake a ji ta ƙwaya-ƙwaya, kada a karanto ta a matsayin biliyan kaza da miliyan kaza. Akwatin da ke faɗowa saman allo kuwa, in ya buɗe a kai mutum cikinsa, in ya rufe a mai da shi inda yake a da.

Yanzu ga ƙofar shiga, wadda ita ce ta fi damuna, domin a nan ake korar mutane da sunan tsaro. Gwajin nan na "rubuta haruffan da ka gani a hoto" ko "zaɓi hotunan da ke da mota" makaho ba zai taɓa wuce shi ba, mai raunin gani ma da ƙyar. Akwai hanyoyin tare masu kutse da ba sa buƙatar ido, kamar taƙaita yawan gwaji da aika lambar tabbatarwa. Ita lambar ma da ake turowa ta saƙo, ka lissafa abin da makaho zai yi: ya fita daga manhajarka, ya nemo saƙon, ya saurari lambobi shida, ya riƙe su a ka, ya dawo ya shigar. In daƙiƙa talatin ka ba shi, ba zai kai ba, balle a ranar da sabis ke jan ƙafa. Ka bar waya ta cike lambar da kanta, ka bar mutum ya kwafo ya liƙa, kuma gurbi ɗaya ya fi 'yan akwatuna shida sauƙi. Ƙa'idar duniya ta WCAG, wadda zan yi bayaninta nan gaba, ta ce in za ka fitar da mutum saboda lokaci ya ƙare, ka gargaɗe shi tukuna, ka ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari da dannawa ɗaya. In ka zana naka allon lambobi na shigar da lambar sirri, kowane maɓalli ya kasance da suna. In kuma za ka nemi hoton fuska mai "juya kanka, ƙifta ido", umarnin ya fito da murya da rubutu duka, ya riƙa gaya wa mutum ko fuskarsa ta shiga da'irar. Zanen yatsa kuwa kada ya zama shi kaɗai ne hanya. Wanda kuturta ta taɓa, da wanda ya rasa hannu, da ma manomin da aiki ya goge wa zanen yatsu, na'urar ba ta karɓarsu. Duk inda ka sa ƙofa, ka sa ta biyu mai tsaro daidai da ta farko.

Masu raunin gani sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba, kuma gyaransu ya fi sauƙi. Bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, manyan haruffa kuma 3 zuwa 1. A kan fari, ruwan tokar da ya fi #767676 haske ya faɗi. Masu zane suna son toka-toka mai laushi, amma ka fita da wayar tsakar rana a kasuwa ka gwada karantawa. Rubutu ya iya ninka girmansa sau biyu ba tare da ya yanke ko ya hau kan wani ba. A Android ka auna girman rubutu da sp, don shi ne ke bin zaɓin da mai waya ya yi a saitinsa, a iPhone ka yi amfani da Dynamic Type, a shafin intanet kuma kada ka kulle damar buɗa allo da yatsu biyu. Launi kaɗai kada ya ɗauki saƙo. In kore na nufin wanda ya biya, ja na nufin wanda ake bi, mai makantar launi ba zai bambance su ba, kuma ja da kore ne aka fi rikitawa. Ka rubuta "ya biya" da "ana bin sa" a gefe.

Gurgun da hannuwansa ke lafiya, kamar yawancin waɗanda shan inna ta kama a ƙafa, ba shi da matsala da waya. Ribarsa ma ita ce manhajar ta hutar da shi zuwa ofis mai matakala. Wanda abin ya shafi hannunsa shi ne za ka duba. Wurin dannawa ya yi faɗi: Google ya ba da shawarar 48 a ma'aunin dp, Apple 44 a nasa ma'aunin, kuma a bar tazara tsakanin "aika" da "soke". Duk abin da ake yi da ja ko da yatsu biyu ko da girgiza waya, a samar da maɓallin da ke yin sa da taɓawa ɗaya. Shafin intanet kuma ya yi aiki ba linzami, da Tab da Enter kawai, zoben da ke nuna inda aka tsaya kuma ya fito fili. Masu zane sukan cire zoben nan don wai yana ɓata kyau. Kada ka yarda. Abu mai walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa, ka guje shi gaba ɗaya, kuma duk abin da ke motsi ko sauti da kansa a ba shi maɓallin tsayarwa.

Kurame ana yawan cewa ai suna gani, ba su da matsala. Suna da ita, sai dai ba a cikin allon take ba, a tsarin da ke kewaye da shi take. In hanyar kai ƙorafi ita ce "kira wannan lamba", ka rufe musu ƙofa, sai ka ƙara hanyar rubutu. In ƙungiyar na aika sanarwa da saƙon murya ta WhatsApp, kamar yadda muka saba, a haɗa da rubutu. Bidiyon koyar da amfani da manhajar a sa masa rubutu a ƙasa wanda mutum ya zauna ya rubuta, kada a dogara ga wanda na'ura ke fitarwa. Sannan ka sani cewa wanda aka haifa kurma, harshensa na farko na hannu ne, rubutun Hausa ko na Turanci na biyu ne a gare shi. Don haka jimloli su zama gajeru, kalmomi na yau da kullum, allo ɗaya aiki ɗaya. Wannan zai amfani wanda karatunsa bai yi nisa ba, kuma a ƙungiyar adashe su ne da yawa. In za a ɗauki mai fassara don bidiyo, a tambayi mambobin wane harshen hannu suke yi. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gado, makarantu kuma suna koyar da wadda ta samo tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, ya kawo da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai shiga makarantar kurame ba ba lallai ya gane ta biyun ba.

In da Hausa za ka rubuta manhajar, kuma ina ba ka shawarar ka yi, akwai abubuwan da littattafan waje ba za su gaya maka ba. Ka bayyana harshen shafin da lang="ha", in akwai sashen Turanci ka sa masa nasa. In za ka sa ajami, ha-Arab ne, tare da dir="rtl" don rubutun ya tafi daga dama. Ka zaɓi salon haruffan da ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, in ba haka ba su fito a akwatuna ko a wani salo daban a tsakiyar kalma. A yawancin wayoyin da ke hannun mutane muryar Turanci ce ke karanta allo, tana furta Hausa a karkace, wasu muryoyin ma suna tsallake haruffa masu lanƙwasa. Makafinmu sun saba da sauraronta haka, suna ganewa. Ni dai ban goyi bayan a cire lanƙwasar don a faranta wa na'ura ba, domin ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne ga mai karatu da ido. Abin yi shi ne ka saurari kowane maɓalli da muryar da mambobin ke amfani da ita, inda kalma ta rikice ka sauya ta da wadda ke fita sarai, muhimman bayanai kamar sharuɗɗan rance kuma a naɗe su da muryar mutum a sa maɓallin saurare. Ka kuma roƙi ƙungiyar ta daina fitar da sanarwa a hoto kaɗai. Takardar da aka ɗauka a hoto aka mai da PDF, da fastar taro da aka zana, ga manhajar karanta allo duk fanko ne.

Mafi yawan abin da na lissafa yana cikin ƙa'idar sauƙaƙa wa nakasassu amfani da yanar gizo da ake kira WCAG, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ke fitarwa. Ta farko ta fito a 1999, ta 2.0 a 2008, ta 2.1 a 2018, ta 2.2 a Oktoban 2023. Tana da matakai uku, A da AA da AAA. Na tsakiyar za ka nufa, shi dokokin ƙasashe suka fi ambata. Kada yawanta ya tsorata ka. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana duba shafukan farko na manyan gidajen yanar gizo miliyan ɗaya duk shekara tun 2019, kuma kullum wajen kashi 95 cikin 100 ko fiye suna da kuskure. Mafi yawan kurakuran iri shida ne kawai: rubutu mai dishi-dishi, hoto ba alt, gurbin fom ba suna, mahaɗi fanko, maɓalli fanko, da rashin bayyana harshen shafi. Babu ɗaya a ciki da zai gagari mai koyo.

Abin liƙawar da ka tambaya kuwa, akwai kamfanonin da ke sayar da layi ɗaya na kod, su ce zai gyara shafi da kansa. Yakan fito da ɗan tambari a gefe mai ƙara girman rubutu da sauya launi, abubuwan da waya da burauza suka riga suka iya. Ba zai san cewa kwandon sharar nan na soke rance ba ne, ba zai gyara tsarin shigarka ba, wani lokaci ma karo yake yi da manhajar karanta allon da mutum ya saba da ita. A 2025 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan 1 saboda iƙirarin cewa kayansa na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idar WCAG. Kuɗin da za ka kashe a nan, ka biya masu gwaji da su.

Ta fuskar doka, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, Nijar tun 2008, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci, mai tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ita ce kuma ta kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Dokar ta fi yin bayani kan gine-gine da sufuri da ilimi da aiki, amma haramcin nuna bambancin bai ware wata hanya ba. In kana da burin yi wa 'yan waje aiki, abin ya fi tsanani. Dokar Tarayyar Turai da ta shafi bankuna da kasuwancin intanet ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025. A Amurka wani makaho, Guillermo Robles, ya kai kamfanin Domino's ƙara don ya kasa sayen abinci ta shafinsu da manhajarsu, kuma a Oktoban 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar kamfanin.

Inda za ka fara shi ne tun a zane, kafin kod, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka rubuta ayyuka huɗu ko biyar da mamba zai fi yi: rajista, shiga, duba asusu, biyan zubi, neman rance. Kowanne ka gama ginawa, ka kunna TalkBack ka bi shi daga farko har ƙarshe ba ka kallon allo, a kan ƙaramar Tecno ko itel irin wadda mambobin ke riƙewa. Sannan ka kai girman rubutu ƙarshe a saiti ka sake bi. A kwamfuta ka ajiye linzami ka bi da Tab. Akwai kayan gwaji na kyauta, Accessibility Scanner na Android, da Lighthouse da axe da WAVE na burauza. Ka yi amfani da su, amma wani kaso kawai suke kamawa. Za su gaya maka hoto ba shi da alt, ba za su gaya maka cewa abin da ka rubuta a ciki ba shi da ma'ana ba.

Gwajin da ya fi duka shi ne na masu abin. Kai da ka kunna TalkBack jiya ba za ka yi amfani da ita kamar wanda ya shekara goma da ita ba. Shi yakan sa muryar gudun da kai ba za ka ma gane abin da take faɗa ba, yana kuma da gajerun hanyoyin da ba ka sani ba. Ka ce shugaban ya haɗa ka da mambobin da ya ambata, makaho da mai raunin gani da kurma da mai matsalar hannu. In ba su wadatar ba, ƙungiyar makafi ta ƙasa da ta kurame da haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta JONAPWD suna da rassa a jihohi. Ka ba mutum aiki, misali "biya zubin wannan wata", da asusun gwaji wanda ba kuɗin gaske a ciki, sannan ka kama bakinka da hannunka. Za ka ji kamar ka karɓi wayar ka nuna masa. Kada ka karɓa, inda ya tsaya nan ne gyaranka yake. Ka biya su kuɗin lokacinsu da na mota kamar yadda za ka biya kowane ƙwararre, ka kuma sa wannan kuɗin a cikin farashin da za ka ba ƙungiyar. A yarjejeniyar aikin ka rubuta cewa manhajar za ta bi WCAG 2.2 matakin AA, kuma duk sabuntawar da za a yi nan gaba sai an sake bin ayyukan nan biyar da TalkBack kafin a sake ta ga mambobi.